Maganar da Aka Katse wa 'Yar Shago

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwiwar nan da ta hana ki hawa bene. Ya aikin asibiti? An ce min har yau kin ƙi ajiyewa, kina nan kina yi wa masu jego tsawa. Mu nan lafiya lau. Jinin nan ya sauka, likita da bakinsa ya ce bai ga mai shekaruna da ƙarfina ba. Shago ma yana tafiya, duk da mutanen yanzu sun fi son su jefar da abu su sayi sabo.

Kada ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. Ke a waya ba kya barin mutum ya kai aya, ni kuma maganar tawa da tsawo. Direban motar kaya zai kawo miki.

Ranar Lahadi da la'asar aka maimaita bikin nan na raba wa 'yan fim kambu. Kin san ni ba kallon irin wannan nake yi ba. Talabijin aka kawo min gyara, na kunna ta don gwaji, sai ga maƙwabtan shagona, tela da mai aski, sun shigo sun mamaye min benci. Tela ya ce, "Injiniya, bar mana wannan tashar, hotonta ya fi fita." Sai daga baya na gane munafukin ya san abin da za a nuna.

Bari in fara da mai gabatarwa. Yaya, mutum ya sa kwat mai ƙyalli kamar takardar alewa, yana tsalle a dandamali, yana yi wa kowa ba'a, shi zai faɗa kuma shi zai fara dariya. Makirfo kuwa ya cusa shi a baki kamar zai haɗiye, duk numfashin da ya yi sai sifika ta yi tari. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rediyo ina ɗaura wa taro lasifika, ban taɓa ganin an wulaƙanta makirfo haka ba. Mai aski dai ya ce shi mutumin ya burge shi. Na ce ai kai duk wanda aka yi wa gyaran fuska mai kyau burge ka yake yi.

Jarumin da ya ci babban kambu ya hau ya yi kuka na minti bakwai, na duba agogo. Ya gode wa uwarsa, ya gode wa direbansa, ya gode wa mai gyara masa gashi, a nan mai aski har da tafi. Jarumar kuwa, tela bai ji ko kalma ɗaya daga bakinta ba, yana can yana jimamin yadin da aka ɓata a jelar rigarta. Babu wanda aka katse a cikinsu. Ki riƙe wannan.

Can sai aka zo kan kambun sauti, aka kira 'yarki. 'Yarki nake cewa tunda ke kika riƙe ta shekara takwas, ko da yake ni na haife ta. Tela ya miƙe yana ihu, "'Yar Shago! Wallahi 'Yar Shago ce!" kamar ni ba ni da ido. Na ce ya zauna, ya tare min hoto.

Kafin ta hau sai aka nuna ɗan guntu daga fim ɗin. Wani tsoho ne zaune shi kaɗai a ɗaki, sai aka ji dariyar wata mace daga can ciki, irin dariyar da take farawa ta hanci kafin ta fito baki. Yaya, ƙarfen dalma ne a hannuna, ban san na ɗora shi a yatsa ba sai da na ji ƙauri. Dariyar marigayiya ce, uwar yarinyar. Kada ki ce min kama ce. Ni da nake gane ciwon rediyo tun mai ita yana bakin ƙofa ba zan kasa gane dariyar matata ba. Kuma wuri ɗaya tak dariyar nan ta taɓa zama bayan rasuwarta, a kaset ɗin da kin san abin da ya same shi.

Ta hau, ta karɓa, ta warware wata 'yar takarda. Ta gode wa masu fim ɗin, ta gode wa "Gwaggona," aka nuno ki a kujera kina share ido da gefen mayafi, na gan ki. Sai ta ce, "Sai kuma mahaifina, wanda..." Nan mai kwat ɗin nan ya faɗo mata: "Wanda muke gaishe shi duk inda yake! Malama mai sauti, lokaci ma yana da nasa sautin, ji shi nan!" Aka saki kiɗa, aka yi dariya, ya nuna mata matakala.

Tun ranar layinmu ya rabu biyu. Tela ya ce yabo za ta yi. Mai aski ya ce shi ya kalli fuskarta, ba fuskar yabo ba ce. Duk wanda ya kawo gyara sai ya ce, "Baban mai kambu, wanda me?" Ni abin bai dame ni ba. Amma tunda kina wurin, ki rubuto min ragowar maganar don in rufe bakin tela. Ki kuma tambaye ta inda ta samo dariyar nan.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Batir,

Na amsa gaisuwarka. Gwiwa tana nan tana mulkinta, ni ma ina nawa. Na ga ka sa hannu "Injiniya." A wurin tela kake Injiniya. A wurina kai ne mai lasar batir don ka ji ko da sauran wuta, har harshenka ya kumbura na kai ka asibiti a goye.

Shekara takwas ba ka tambaye ni ko yarinyar nan tana ci tana sha ba, yau ga shafi uku saboda tela. Allah ya saka wa tela da alheri.

Mai gabatarwar nan, da gwiwata ta yarda, da na hau na karɓe makirfon na kwaɗa masa. Kwana huɗu yarinyar tana rubuta layukan nan tana yagawa. Haka ta sauko ba ta ƙarasa ba. A mota kambun yana kan cinyarta kamar ajiyar wani aka ba ta.

Takardar tana jakata, na karanta ta. Ba zan kwafo maka ba, don ba ni na haɗa maganar ba. Abu ɗaya zan faɗa maka: gara da aka katse ta. Da ta ƙarasa, da ba ka iya ɗaga kai a gaban telan nan naka da mai aski ba.

Maganar dariya kuwa, lambar wayarta ba ta canza ba tun da ta bar gidanka. Kai ma ka sani.

Ka rage gishiri.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, kuma gishiri ban taɓa yawaita shi ba. Batir ɗin nan kuma ki ajiye shi, ina da furfura.

Na karanta takardarki sau uku, na fahimta. Wato tonon silili ta hau za ta yi min a gaban duniya, Allah ya kawo mai kwat ya rufa min asiri. To, na janye duk abin da na faɗa a kansa, ashe mutumin kirki ne. Jiya na ce wa mai aski shi ya yi gaskiya, har ya riƙe baki.

Tunda abin ya kai nan, bari in tuna miki ko ni wane ne, ki karanta mata in kin ga dama. Aji uku na bar sakandare lokacin da Baba ya rasu, ke kina makarantar jinya. Da akwatin katako na fara, a ƙarƙashin matakalar wani bene, sukundireba ɗaya, ƙarfen dalma ɗaya da nake zafafawa a gawayi. Babu wanda ya koya min. Matattun rediyoyi nake roƙa in buɗe cikinsu. Yau shagona ƙofa biyu ne, da allo a sama. Wadda ta fara ce min Injiniya kuwa ba tela ba ne, marigayiya ce, tun ina kan akwatin nan. Tsokana take yi, ni kuma na riƙe.

Ran da na mallaki rakoda ta kaina, gida na kai ta. Na kunna na miƙa mata, ta ce, "Ka ɗauke min wannan abin daga baki." Na ƙi. Haka na ɗauke ta tana wanke-wanke tana mita, tana dariya, tana kiran yarinyar, lokacin tana 'yar shekara biyar. Gefe ɗaya ya cika, ɗayan ba mu taɓa shi ba. Akwai ɗan haƙori a saman kaset da ake karyawa don kada a yi wata ɗauka a kai. Ban karya ba, na ce za mu ƙara. Ba mu ƙara ba. Bayan ta rasu, a durowar sama nake ajiye shi. In shago ya yi shiru da rana sai in tura ƙofa ɗaya in sa shi. Shekara huɗu ina haka, ban nemi wata ba, ban dami kowa ba.

Ita yarinyar a ƙarƙashin kanta ta girma, shi ya sa layin suka sa mata 'Yar Shago. Ni na koya mata dokar farko ta aikin nan: kada ki taɓa sukundireba sai kin saurara. Kunnenta kuwa, ba don tana tawa ba, ya kusa kamo nawa. Da ta tasa sai ta tsiro da ɗaukar sautin komai, ruwan sama a kan kwano, keken tela, almakashin mai aski. Duk kaset ɗin da ta gani a shago nata ne. Na yi mata magana ba sau ɗaya ba.

Ran nan na sa kaset ɗina, maimakon muryar matata sai na ji ƙugin fankar shago da hon ɗin motoci. Na danne shi nan take, na zaro, na ƙwala mata kira. Ta ce, "Baba, ka tsaya ka ji..." Na ce babu abin da zan ji. Na ce mata uwarta sau biyu ta mutu, na biyun ita ta kashe ta. Na jefa kaset ɗin bakin ƙofa. Ta sunkuya ta ɗauka, washegari tana wurinki. Wannan shi ne abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba.

Yanzu na gane sauran. Ashe kafin ta goge ta kwafa ta ɓoye. Ta bar ni shekara takwas ba ni da muryar matata, ta ɗauka ta kai wa 'yan fim, aka ba ta ƙarfe mai ƙyalli, sannan ta hau za ta ce ni ne mugu. Ki ce ta riƙe maganarta, ba na so. Kaset ɗina nake so, da abin da ta kwafa. Ni na saya, ni na ɗauka, matata ce.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma wannan karon da gaske nake tambayar lafiya. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ki ba. Direba ya ce ya tarar da gidan a kulle, sai ya zura takardar ta ƙasan ƙofa. Na kira wayarki sau biyu, a kashe. In fushi kike yi, ki rubuto ki zage ni, na saba. In kuma wani abu ne, ki sa a sanar da ni. Ke kaɗai kika rage min cikin waɗanda suka san ni tun ban da allo a saman ƙofa.

Labarin bikin nan ya mutu a layinmu. Mai kwat ya fito a rediyo yana ba da haƙuri, wai masu shirin ne suke yi masa ihu a kunne cewa lokaci ya ƙare. Mai aski da yake sonsa ya juya masa baya, ya ce namiji ba ya ɗora laifinsa a kan wasu. Tela da yake zaginsa ya ce ya yafe masa. Kukan jarumin nan kuwa an mai da shi abin wasa, kowa aka taka wa ƙafa sai ya fara gode wa direbansa. Yanzu sun koma musun ƙwallo. Ni kaɗai aka bari da "wanda."

Tela ya sa min guntun a wayata, daƙiƙa arba'in ne. Ba zan faɗa miki sau nawa na kalla ba. Akwai abin da ban lura da shi ba ran farko. Kafin ta yi magana, ta ƙwanƙwasa makirfon da farce sau uku, ta karkata kai hagu tana saurare. Yaya, ni ne nake yin haka. Duk abin da na gama gyarawa sai na buga masa gindin sukundireba sau uku, in karkata kai, sannan in ce ya tashi. Ban taɓa koya mata ba. To wadda za ta hau ta tozarta ubanta, za ta ɗauki ɗabi'arsa ta kai dandamali? Ban sani ba. Tambaya nake yi.

Ta rame kuma. Ko hasken wurin ne?

'Yar kujerarta tana nan a ƙarƙashin kanta. Mai aski ya so ya ara, na hana. Shekaranjiya na tuna ran da wani ya kawo rediyo mai shaƙewa, na yi awa ɗaya ina nema, ita tana ƙasa tana cin gyaɗa, tana 'yar shekara bakwai. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baba, wayar sifika ce take rawa." Ita ce kuwa. Na ce wa mutumin dama na sani, gwada ta nake yi. Uwarta ta yi mako tana min dariya.

Wani abu yana ba ni tsoro. Na zauna in tuna maganganun da ke cikin kaset ɗin nan, wanda na ji ya fi sau ɗari, sai na ga sun fara zubewa. Na san akwai mita a kan sabulu. Na san akwai dariya. Abin da ya jawo dariyar na manta.

Maganar da na faɗa wa yarinyar ran nan ta yi nauyi. Ban ce ban yi gaskiya ba. Na ce ta yi nauyi.

Ki rubuto.

Ƙaninki

*

Batir,

Ina raye. Gwiwar ce aka yi wa aiki, na kwanta a gadon da na shekara ina yi wa wasu tsawa a kai, yaran da na koya wa aiki suka rama. 'Yarka ce ta yi jinyata, ita ta karɓe wayar ta kashe. Da muka dawo gida muka tarar da takardunka biyu a ƙasan ƙofa, ɗaya a kan ɗaya.

Kai da ka karanta sau uku! Da na ce ba za ka iya ɗaga kai ba, kuka nake nufi, sakarai. Da ta ƙarasa, da ka fi jarumin nan zubar da hawaye, a gaban tela, a kan talabijin ɗin mutane. Na so in tsokane ka ne ka kira ta, na manta kai ba a yi maka magana a karkace. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Na ba ta takardun duka biyu ta karanta. Ta farkon ta karanta a tsaye, ta ninke, ta ajiye. Ta biyun, da ta zo wurin wayar sifika, sai ta yi dariya ta hanci, ka san irin ta wa, daga nan ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da abin da direba zai ba ka a cikin ambulan ɗin nan.

Babu wani kwafi da ta ɓoye kafin a goge. Abin da ka ji a fim, daga jikin kaset ɗin nan ya fito, yadda ka jefar da shi. Ta ce in faɗa maka sharaɗi ɗaya: ka mai da shi farko, ka kunna, ka ɗauke hannunka. Kada ka taɓa komai sai ya tsaya da kansa. Ta ce dokarka ce, ba tata ba.

Shekara takwas ta san abin da ke ciki, ni ma na sani. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba, wai Baba ba zai iya ɗauka ba. Ni na ce wanda ya tashi daga ƙarƙashin matakala zai iya. Kada ka kunyata ni.

Ta rame, ba haske ba ne. Aiki take yi kamar wani da na sani.

Yayarka

*

Yaya,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ki bi maganar yaran nan ko da ke kika koya musu. Lafiyata lau. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan bi shi yadda ya zo.

Jiya da azahar na tura ƙofa ɗaya, na ɗauko tsohuwar rakodar nan, na goge mata kai, na sa shi. Ƙugin fanka, hon ɗin motoci, kamar ran nan. Hannuna ya tashi da kansa zai danne. Na zauna a kansa, wallahi, hannu biyu a ƙarƙashin cinya kamar ɗan aji ɗaya.

Minti biyu ba komai sai fanka. Sannan na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai wani ya ce, "Ya tashi!"

Muryata ce, Yaya.

Na tuna ranar. Wani dattijo ne ya kawo rakodarsa ba ta ɗauka, shago ya cika, na miƙa hannu durowa ban duba ba. Kaset ɗin gwajina da na marigayiya iri ɗaya ne. Ga ni nan a ciki ina cika baki, ina ce wa dattijon, "Baba, shekara ashirin da uku ina wannan aiki, hannun nan bai san kuskure ba." Yana ce min, "Haka ne, Injiniya, haka ne." Can sai ga muryar yarinyar daga bakin ƙofa: "Baba, wane kaset ka sa?" Na ce, "Na gwaji mana. Ba kya ganin ina magana da manya?" Ta ce, "Amma Baba..." Na ce, "Je ki, je ki."

Minti goma sha ɗaya na yi ina surutu a kan muryar matata. Na zauna na ji su duka, ko ɗaya ban tsallake ba.

Sai aka ji ƙas, fankar ta ɗauke, sai ƙarar kwanuka. Ashe ban cinye duka ba, da saura a ƙarshe, kuma yana nan tun ran da na jefar da shi. Yarinyar ce, 'yar shekara biyar, tana ba da labarin wata mage da ta shiga ajinsu. Tana ta "sai kuma, sai kuma," magen ta hau tebur, magen ta sauko. Sai ga ni: "To ya isa haka, kaset zai ƙare." Nan uwarta ta yi dariyar nan, wadda duniya ta ji a fim, ta ce, "Injiniya, ka bar ta ta ƙarasa mana. Kai kullum sai ka katse ta."

Abin da ya jawo dariyar ke nan, wanda na ce miki na manta.

Kaset ya tsaya da kansa. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Tela ya leƙo ya ce ko lafiya, na ce ya shigo, ya kira mai aski. Na ce musu ni na goge, ba ita ba. Tela ya cire hula ya mayar. Mai aski ya buɗe baki, tela ya taka masa ƙafa, kuma wannan karon babu wanda ya gode wa direbansa. Na ce musu kada wanda ya ƙara zagin mai kwat a shagona. Shi sau ɗaya ya katse ta, kuma ya fito ya ba da haƙuri cikin wata ɗaya.

Na karya haƙorin kaset ɗin, abin da ya kamata in yi tun tuni. Zan dawo mata da shi, ita ta fi ni iya riƙo.

Na yi magana da direba, ranar Alhamis zan bi shi, a gaba zan zauna. Tela ya rubuta min "A rufe" a kwali da alli, ya ce tun da ya zo layin nan bai taɓa ganin an rataya irinsa a ƙofata ba, har yana tambaya ko ya ɗauki hoto. Ki ce kada a yi min wani girki, kuma kada ki tashi da gwiwar nan.

Takardar da ke jakarki, kada ki nuna min. Ki mayar mata. Ina da magana ɗaya da zan fara yi mata, ba ta da tsawo, na yi ta gwada ta a gaban rediyoyin nan tun jiya kuma har yanzu tana maƙale min. In na samu na fitar da ita, ki ce mata ta ɗauko daga "wanda." Yabo ne, akasinsa ne, ko labarin magen nan ne za ta ƙarasa, duk ɗaya. Na sayi sabon kaset mai minti casa'in. Zan zauna a kan hannuwana sai ya tsaya da kansa.

Ki gaishe min da 'yata.

Ƙaninki,
Batir